Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano da shugabannin Kano Pillars, daga magoya baya mazauna Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna Alhaji Abba Kabir Yusuf, ranka ya daɗe. Mai girma kwamishinan matasa da wasanni, shugaban hukumar gudanarwar Kano Pillars da mambobinsa, da janar manaja Ahmed Musa, muna gaishe ku da aiki, Allah ya yi riƙo da hannuwanku.

Ni mai gidan kallon ƙwallo ne a Agege, a Kano aka haife ni, neman abinci ne ya kawo ni Ikko kamar yadda ya kawo dubban 'yan uwanmu. Wannan takarda ba da bakina kaɗai na rubuta ta ba, da yawun mutanen da muke zama muna kallo tare ne, masu albasa da tumatir na Mile 12, mahautan Oko-Oba, direbobin tirela da ke kwana a layin Apapa, masu gadi da ke tasowa tun daga Lekki ranar hutunsu, har da samarin Idi-Araba da aka haifa a nan waɗanda wasunsu ba su taɓa taka Ƙofar Mata inda filin Pillars yake ba amma in ka ce Sai Masu Gida za su amsa maka da ƙarfi. Mu ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da shugaba ba mu da ma'aji, majalisa ce kawai, aka ce ni na rubuta tunda ni ne mai surutu.

Abin da ya tayar da maganar shi ne abin da ya faru a filin wasa na Sani Abacha a watan Oktoban 2025, ranar da muka karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan. Muna kan gaba da ci ɗaya, suka farke ana dab da tashi, aka yi kunnen doki 1-1, shi ke nan sai mutane suka ɓalle cikin fili suka hau alƙalan wasa da baƙi da duka. Hukumar lig ta ci tarar kulob naira miliyan 9.5, ta zaftare maki uku da ƙwallaye uku, ta rufe filin ta ce a koma Katsina. Janar manaja ya fito ya ba da haƙuri, mun ji, kuma mun yaba masa don ba kowa ke iya wannan ba. Amma ranka ya daɗe haƙurin nan an sha ba mu irinsa.

Bari na fara da abin da ku da kuke Kano ba lallai ku gani ba. Ku in an yi rigima a fili kowa gidansa zai koma ya kwanta cikin danginsa. Mu kuwa gari na wayewa da Yarabawa za mu buɗe shago, su ne masu gidajen da muke haya, su ne abokan cinikinmu, kuma da yawa daga cikin dattawansu 'yan Shooting Stars ne tun tana IICC, tun lokacin da ta ɗauko kofin Afirka a 1976, wannan kulob ɗin a wajensu kamar Pillars ne a wajenmu. Akwai wani mai faci a bakin layinmu, mutumin kirki, shekara da shekaru muna tsokanar juna a kan ƙwallo, in Pillars ta sha kashi shi zai fara leƙo ni da safe. Washegarin wannan wasa bai tsokane ni ba, wayarsa kawai ya miƙo min na ga bidiyon ana bin mutane da gudu a fili, ya ce aboki haka kuke karɓar baƙo a garinku? Wallahi na rasa bakin magana. Gara a ce 5-0 suka ci mu ya yi min dariya.

Kuma ba kunya ce kaɗai ba, akwai tsoro. Mu da muke zaune a kurmi mun san yadda ƙaramin abu ke zama babba, mun ga rikicin Mile 12 na 2016, mun ga na kasuwar Sasa a Ibadan a 2021, duk ba wani babban abu ne ya haddasa su ba da farko, cacar baki ce tsakanin mutum biyu uku sai ta koma Bahaushe da Bayarabe. Bidiyon da ake ganin ana dukan 'yan Ibadan a Kano yana yawo a WhatsApp ɗin mutanen da muke kwana muke tashi a cikinsu. Sannan Pillars ɗin nan dole ta zo kudu, za ta je filin Adamasingba na Ibadan, za ta je Ikenne, za ta zo nan Onikan wajen Ikorodu City, kuma mu ne za mu cika mota mu je mu zauna a tsakiyar mutane da rigar kulob a jikinmu. Yaron da ya ɗauki dutse a Ƙofar Mata ba shi zai zo ba.

Da a ce karo na farko ne da mun ce tsautsayi. A nan Agege, a filin da ke bayan gidajenmu, aka yi wasannin ƙarshe na fitar da zakara a watan Yunin 2019, ina cikin filin ranar da muka buga da Rangers aka ba su fenariti a ƙarshen wasa aka tashi 1-1, mutanenmu suka tsallaka shinge suka bi alƙalin wasa, ana nunawa a talabijin duniya na kallo. Tarar miliyan 8 aka ci kulob, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. Ba zan ce duk daga Kano aka zo da masu wannan aika-aika ba, akwai yaranmu na nan a ciki, mun sani, kuma dattawan unguwa sun yi musu faɗa. A watan Afrilun 2022 kuma aka farfasa motar Katsina United, maƙwabtanmu 'yan uwanmu, aka ci tarar miliyan 9 aka cire maki uku, kuma a ƙarshen wannan kakar ce Pillars ta faɗa ajin 'yan dagaji. Ku tara da kanku, 8 da 9 da 9.5, naira miliyan 26.5 ke nan a kan rigima uku kacal, ban da kuɗin mota da otal na zuwa buga wasan gida a garin wasu, ban da kuɗin ƙofa da aka rasa. Daga aljihun wa aka biya? Daga baitulmalin jihar Kano, wato kuɗin tsohuwar da ke sayar da ƙosai a Rimin Gado wadda ba ta san ma ana wani abu wai shi lig ba.

A nan ne muka daɗe muna gardama a majalisa, kuma inda muka tsaya shi ne matsalar ba ta tarbiyyar yara kaɗai ba ce, matsalar ita ce kulob ɗin ba shi da mai shi. Na san za a ce na gwamnati ne. To ai shi ne. Gwamna ke naɗa shugabanni, gwamna ke sauke su, in gwamnati ta canza komai ya canza, wanda aka naɗa ya san ba magoya baya ne suka kawo shi ba kuma ba su za su cire shi ba, don haka fuskarsa na kallon gidan gwamnati ne ba kallon 'yan kallo ba. Shi kuma ɗan kallo bai sa ko sisi ba in ban da kuɗin ƙofa, in an ci tara ba ya jin zafinta a jikinsa, in an rufe fili ya koma kallon Arsenal. Kowa na ihun Pillars tamu ce amma ranar biyan bashi babu mai ita. Ba wannan gwamnatin ce ta ƙirƙiro tsarin ba, haka kuka tarar, kuma haka yake a Enyimba da Rangers da Plateau United da El-Kanemi da mafi yawan kulob ɗin ƙasar nan, amma ku ne a kan kujera yau shi ya sa takardar ta zo muku.

Akwai kuma wani abu da ba a son faɗa. Duk muna alfahari da cewa Pillars ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba har sai da Nasarawa United ta zo a 2015, ni ma ina cika baki da shi a gaban 'yan Enyimba. Amma wannan tarihin ya raini yara masu ganin cewa rashin nasara a Sani Abacha ba ƙwallo ba ce, cuta ce, dole rafali ne ya sayar da wasa. Ban ce alƙalan wasanmu waliyyai ba ne, kowa ya san yadda cin wasa a waje ke da wuya a ƙasar nan, sai dai kulob ɗin da ya je Alƙahira a 2009 ya yi 2-2 da Al Ahly ya fitar da ita, ya kai wasan dab da ƙarshe na gasar zakarun Afirka, kulob ɗin da ya ɗauki lig a 2008 ya sake jerawa a 2012 da 2013 da 2014, bai kamata a ce sai da barazana yake riƙe gidansa ba.

Ranka ya daɗe da ma za ka zo gidan kallona ranar Asabar ka zauna a benci na baya ka saurara. Yaran nan da ko sakandare wasu ba su gama ba za su ba ka labarin yadda iyalan Glazer suka sayi Manchester United a 2005 da kuɗin bashi suka ɗora wa kulob ɗin bashin, za su gaya maka kason da Jim Ratcliffe ya saya a 2024. Ɗan Chelsea zai ce Abramovich ne ya yi su tun 2003, ɗan Arsenal ya ce ai kofin saye ne, ɗan City na gefe ana masa gorin kuɗin mai kulob ɗinsu Shehu Mansur da tuhuma 115 ta karya dokokin kuɗi, wani ya kawo maganar Saudiyya da Newcastle a 2021, a yi ta yi har janareta ya shanye mai. Shekaru aka yi ana jiran Alhaji Aliko Ɗangote ya sayi Arsenal, wasu har sun gama tsara 'yan wasan da zai kawo, daga baya shi da kansa ya ce lokacin ya wuce. Duk wannan ilimin da zafin ran a kan kulob ɗin Ingila ne da ba su san da zamanmu ba. In ka juyo ka ce to nawa ne kasafin kuɗin Pillars na bana, nawa aka samu a ƙofa, nawa aka sayar da wane, sai wajen ya yi tsit, ni kaina mai gidan ba ni da amsa.

Kuma abin da ya fi burge ni a lamarin Turawan nan ba kuɗin ba ne. A watan Afrilun 2021 manyan kulob 12 suka ce za su ɓalle su kafa tasu gasar, shida daga Ingila, magoya baya suka fito titi, cikin kwana biyu maganar ta rushe. Bayan 'yan makonni 'yan United suka hana a buga wasansu da Liverpool saboda fushi da masu kulob. Ban ce duk abin da suka yi daidai ne ba, amma sun san ƙofar da za su je su buga. Namu yaran in ransu ya ɓaci ba su san wa za su tuhuma ba, wa ya sayo ɗan wasan da ba ya iya gudu, wa ya kori koci, wa ya kawo wani, babu taron da za su je su yi tambaya, sai mutum ɗaya tilo da suke gani a gabansu riƙe da usur. A kansa ake hucewa.

Maganar kuɗi kuwa, a nan kusa da mu muke ganin yadda wasu ke yi. Remo Stars ta Ikenne, tafiyar da ba ta da nisa daga Legas, ta Kunle Soname ce, yana da filinsa, yana da makarantar rainon yara, tun 2015 ya sayi kulob ɗin Feirense a Fotugal don yaran su sami hanyar fita, kuma a 2025 suka ɗauki lig. Garin Ikenne gaba ɗayansa bai kai wata unguwa ɗaya a Kano yawan jama'a ba. Sporting Lagos kuma Shola Akinlade na kamfanin Paystack ne ya kafa ta a 2022, ta hau babbar gasa ta sake faɗowa a 2024, ba wani kofin lig ta ci ba, amma duk wanda ya je kallonsu a Onikan ya ga mutane da matansu da 'ya'yansu sun sayi tikiti ta waya sun zauna lafiya sun tashi lafiya, ana sayar da riga a bakin ƙofa. Af, kafin wani ya ce na manta, na san arzikin mai Remo daga kamfanin caca na Bet9ja yake, kuma mu ba ma son ganin sunan caca a ƙirjin rigar Pillars ko nawa za su bayar, cacar ƙwallon nan ta cinye jarin yara da yawa a nan Agege a kan idona. Tsarin nasa muke magana ba hanyar kuɗinsa ba.

Kyautar wanda ya ɗauki lig a 2025 naira miliyan 200 ce, kowa ya san wannan ba za ta riƙe kulob mai yawo daga Maiduguri zuwa Fatakwal shekara guda ba. Kuɗin ƙwallo a Afirka a wajen rainon yara da sayar da su yake. Janar manaja shi ne shaida, a kakar 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars, amma aronsa aka yi daga makarantar GBS ta Jos, daga nan ya wuce VVV-Venlo a Holan, ya je CSKA Moscow, ya je Leicester a 2016 a kan fam miliyan 16 da ɗoriya. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na kulob ɗin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Wato wanda ya riƙe yaro tun yana ƙarami da takardu a hannu shi ke ci har gaba. Kano da ko wane lungu akwai fili akwai kulob ɗin unguwa, yara na buga ƙwallo ba takalmi tun asuba, a ce ba mu ne kan gaba a wannan kasuwa ba, haba.

To sai dai a nan majalisarmu ta rabu biyu, kuma gara na faɗa muku gaskiya. Wasu na cewa kawai a sayar wa Ɗangote ko Abdussamad na BUA a huta, 'yan Kano ne, kuɗin ba zai dame su ba. Ni da mafi yawan dattawan cikinmu ba mu yarda ba, don mun ga ƙarshen kulob ɗin mutum ɗaya. Ina Abiola Babes? Ina Leventis United da ta ɗauki lig a 1986? Masu su suka ce sun gaji, magana ta ƙare. Ina Raccah Rovers tamu ta Kano da ta ɗauki lig a 1978? A nan Legas babu kulob ɗin da aka so kamar Stationery Stores, har yau tsofaffin magoya bayanta in suna ba ka labari sai ka ga idonsu ya kawo ruwa, rigimar magada ce ta durƙusar da ita bayan ta ci lig a 1992. MFM ta coci ce, a filin Agege take wasa, ta zo ta biyu a 2017, a 2022 ta faɗi tare da mu, mu mun dawo a 2023 ita shiru. In za a yi adalci, kuɗin gwamnati ne ya sa Pillars ta kai yau tun daga 1990 da aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka kafa ta. Ba mu ce gwamnati ta tsame hannunta gobe da safe ba.

Barau FC da ta shigo babbar gasa a 2025 muna mata maraba, Kano ta isa ta riƙe kulob biyu har uku, kuma hamayyar cikin gari tana kawo 'yan kallo. Tsoronmu ɗaya ne, mai ita Sanata Barau Jibrin ɗan siyasa ne, Pillars kuma tana hannun gwamnati, kada a wayi gari wasan ƙwallo ya koma gangamin jam'iyya, a riƙa kallon hular mutum kafin a san kulob ɗin da yake so. A Pillars ne kaɗai na san ɗan kowace jam'iyya da ɗan kowace ɗariƙa da Inyamurin Sabon Gari ke zama a benci ɗaya su yi ihu ɗaya, don Allah a bar mana wannan.

'Yan wasa ma a duba su. Ba mu manta da watan Maris na 2015 ba da 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a wajen Abaji suna hanyar Owerri, biyar suka ji rauni har da Gambo Muhammad. Hanyoyin ba su gyaru ba tun daga lokacin, ƙara lalacewa suka yi. Akwai wani yaro ɗan ƙanwata da ya buga wa wani kulob na gwamnati a wata jiha, ba zan kama suna ba, aka yi masa alƙawarin kuɗin sa hannu, ya karye a gwiwa a tsakiyar kaka, daga nan ko waya aka daina ɗauka, mu muka yi karo-karo aka yi masa aiki, yanzu yana taya ni karɓar kuɗi a ƙofar gidan kallo. Ba ma fatan a ji irin wannan a gidanmu.

Ga abin da muke roƙo. Na farko a buɗe rajistar mambobi ta gaske, mai kati da lamba da hoto da kuɗin shekara wanda talaka zai iya biya, kuma a yi ta yadda mu na nesa za mu biya ta waya, na Legas da na Fatakwal da na Kumasi da na Jidda. Katin nan ya zo da ƙuri'a, mambobi su zaɓi wakilansu a hukumar gudanarwa, ba katin ado ba. In mutum ya yi rigima a fili a soke katinsa a hana shi shiga, kuma a kai shi kotu da sunansa, a daina hukunta mutum dubu goma sha shida saboda laifin mutum hamsin.

Sannan a mayar da kulob ɗin kamfani mai hannun jari, majalisar dokokin jiha ta yi masa doka yadda wanda zai gaje ku ba zai rushe da sanarwa ɗaya a rediyo ba. Ba sai mun je Jamus mun kwaso tsarinsu na cewa mambobi ne ke da rinjayen ƙuri'a ba, ga Simba ta Tanzaniya nan, attajiri Mohammed Dewji ya ɗauki kashi 49 mambobi suka riƙe 51. A ba 'yan kasuwar Kano kaso su zuba kuɗi, Kwari da Singa da Dawanau ba a rasa masu hali ba, gwamnati ta riƙe nata kason da filin wasa, amma rinjaye ya zauna a hannun jama'a yadda ba wanda zai tashi wata rana ya canza wa kulob suna ko ya ɗauke shi zuwa wani gari.

Kuma duk wannan ba zai yi amfani ba in ba a buɗe littafi ba. Barcelona ta mambobi ce, su ke zaɓen shugaba, amma bashi ya ci ta har ta kasa riƙe Messi a 2021, don haka ƙuri'a kaɗai ba ta isa ba. A ƙarshen kowace kaka a buga mana a jarida da shafin kulob, nawa gwamnati ta bayar, nawa aka samu a ƙofa, nawa masu talla suka biya, wane ɗan wasa aka sayar kuma nawa, nawa aka biya tara. Dama ƙa'idar lasisin kulob ta hukumar ƙwallon Afirka CAF tana neman bayanan kuɗi da aka tantance, to abin da za a nuna wa CAF a nuna wa masu kulob ɗin mana. A kafa makarantar yara ta dindindin da kwantiragi a rubuce, a yi wa kowane ɗan wasa inshorar lafiya, tafiya mai nisa kuma in da hali a hau jirgi.

A fili kuma a sa ma'aikatan tsaro na kulob waɗanda aka horar, a sa kyamara, a daina sayar da tikitin da ya fi kujeru yawa, a ware wa baƙi wajen zamansu da hanyar fitarsu. Muna kuma roƙon a tura tawaga ta musamman zuwa Ibadan, da dattawa a ciki, a je a ba shugabannin Shooting Stars da magoya bayansu haƙuri ido da ido, a biya ta Sabo a gaida Sarkin Hausawa a ji ta bakin mutanenmu na can. Wannan ziyarar za ta yi mana amfani a nan fiye da yadda kuke zato.

Malam Ahmed Musa, kai ka ga jiya ka ga yau, ka buga a Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya, ka san yadda ake tafiyar da kulob a inda ake yi don a ci riba, kuma ka dawo gida a 2021 ka sake dawowa a 2024 lokacin da ba wanda ya tilasta ka. Maganarka za ta shiga inda tamu ba za ta shiga ba, ka taya mu isar da ita. Duk ranar da Pillars za ta zo wasa Legas muna roƙon ka ware mana awa ɗaya kai da shugaban hukuma ku zo Agege mu zauna, mu za mu nemi izinin Sarkin Hausawa mu tanadi waje da kujeru, kuma za mu zo da sunayen waɗanda suka shirya yankar katin mamba a ranar da aka buɗe rajista.

Allah ya ƙara wa mai girma Gwamna lafiya, ya zaunar da Kano da Legas lafiya. Wassalam.

Naku,
Mai gidan kallon ƙwallo a Agege, a madadin majalisar magoya bayan Sai Masu Gida mazauna Legas.